Wasiƙa daga Birmingham: Yaron da ya haddace shafi bai iya karatu ba tukuna

Zuwa ga iyaye da malaman firamare na gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, dalilin wannan wasiƙa shi ne wani abu da ya tsaya mini a rai tun zuwana gida hutun bara, wato yadda muke koya wa ƙananan yara karatu.

Wata rana bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, sai yayata ta kira ɗanta da ke aji uku domin ya nuna wa kawunsa karatu. Yaron ya buɗe littafin Turanci ya yi ta zubawa tiryan-tiryan babu gargada, uwar tana ta murmushi, ni kuwa na lura idonsa ba ya kan takardar. Na ɗora yatsa a kan wata kalma a tsakiyar shafin na ce, "Yaro, wannan fa?" Ya yi shiru, ya koma farkon layin yana rerawa a hankali har ya iso inda yatsana yake, sannan ya faɗe ta. Na rubuta masa "tukunya" a bayan kwalin sukari, kalmar da yake ji kullum a bakin uwarsa, ya kasa tayar da ita. Yaron yana da kaifin ƙwaƙwalwa, shi ya sa ma ya haddace shafi guda a harshen da ba ya ji. Abin da ya samu a aji shi ne malami ya faɗa su amsa, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake haɗa baƙi.

A nan Ingila yaro yana shiga makaranta ne a watan Satumban da ya biyo bayan cikarsa shekara 4. Sa'ad da autata ta shiga, na zaci za a fara mata da waƙar haruffa kamar yadda aka yi mana, amma sai ta dawo tana huci kamar maciji, wai sautin "s" ke nan. A makonnin farko sautuka kaɗan aka ba su, s, a, t, p, i, n, kuma tun kafin su san sauran har sun fara harhaɗa waɗannan suna fitar da gajerun kalmomi. Wannan hanya ita ake kira foniks, kuma ta kafu a makarantun gwamnati ne bayan rahoton da wani masanin ilimi, Jim Rose, ya miƙa a 2006.

Daga 2012 aka fara yi wa yaran aji ɗaya, masu kimanin shekara 6, wani ɗan gwaji a watan Yuni. Malama takan zauna da yaro su biyu, ta nuna masa kalmomi 40, ana so ya tayar da 32. Abin da ya fi burge ni shi ne rabin kalmomin ƙirƙirarru ne, babu su a Turanci, an zana wani ɗan dodo a gefen kowace domin yaro ya ɗauka sunan dodon ne. Hikimar a fili take: kalmar da ba a taɓa ji ba ba ta haddatuwa, sai wanda ya iya haɗa baƙi ne zai fitar da ita. A shekarar farko kashi 58 cikin ɗari ne suka ci, zuwa 2019 sun kai kashi 82. Akwai malamai a nan da ke sukar gwajin, suna cewa tayar da kalma daban, gane ma'anarta daban, kuma ina ganin suna da gaskiya a wannan, sai dai wanda bai tayar da kalmar ba ai bai ma kama hanyar ma'anar ba.

Da na zauna na duba abin da kyau sai dariya ta kama ni, domin babbaƙu da farfaru ne aka sauya musu riga. Duk wanda ya riƙe allo ya san sai ya ƙware a "alu, ambaki, wau, zal" kafin malam ya sa masa wasali, sannan ya shiga tattashiya yana haɗa baƙi da wasali har kalma ta tashi. Malaman boko na da ma haka suka yi da ba, be, bi, bo, bu. Hanyar tamu ce tun kaka da kakanni, mun dai sake ta ne a azuzuwan da yara suka yi wa malami yawa, alli ya yi ƙaranci, rera karatu ya zama shi ne mafi sauƙi.

Kuma ɗan Bahaushe ya fi ɗan Bature sa'a. Turanci yana da sautuka wajen 44 amma haruffa 26 kacal, don haka harafi ɗaya yakan yi sauti uku ko huɗu, yaro ya yi shekaru yana fama. Hausar boko kuwa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. In yaro ya san wasula biyar da baƙaƙe, har da masu lanƙwasa irin su ɓ, ɗ da ƙ, da tagwaye irin su sh, ts da ƙw, to ya kama hanya. Ɗan abin da zai ba shi wuya shi ne ba ma rubuta tsawon wasali da karin sauti, sai jimla ce za ta nuna masa ko "gari" na zama ake nufi ko na tuwo. Saboda haka nake ganin kuskure ne babba a hana yaro fara karatu da harshen da yake mafarki da shi don gudun kada Turancinsa ya lalace. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada wannan a Ile-Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, kuma Turancinsu bai gaza na takwarorinsu ba.

Sauran aikin na gida ne. Autata takan dawo da ɗan littafin karatu a jakarta tare da wani ƙaramin littafi da iyaye ke sa hannu a ciki, su rubuta shafin da aka tsaya da kalmar da ta yi mata tauri. Ba a nemi fiye da kamar minti goma ba a rana, amma ranar da na yi sakaci malama takan tuna mini cikin ladabi a bakin ƙofa. Na san littattafai sun yi tsada a gida, amma littafin rubutu mai 'yan shafuka ya isa: yaro ya yi muku tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, wansa ko yayarsa ta rubuta da manyan haruffa, gobe ya karanta abin da ya fito daga bakinsa. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana da rawar takawa, domin tana iya sauraro tana tankaɗe, ta tambaye shi me ya sa Gizo ya gudu, ta haka za ta gane ko ya fahimta. Abin da nake roƙo shi ne a ajiye bulala a wannan zaman, kuma in ya tsaya a kan kalma a ɗan jira shi ya rarrabe ta gaɓa-gaɓa kafin a faɗa masa.

Malamai kuwa, ku gwada dabarar dodannin nan ko da yara biyar ne a rana. Ku rubuta "nifo", "zelu" ko "ɓumi" a allo, ku kira yaro shi kaɗai, nan take za ku san wanda ya iya da wanda ke bin amshi.

Kafin na dawo na bar wa yayata gaɓoɓi a rubuce a bayan wata tsohuwar kalanda, 'yarta ta sakandare ta ɗauki nauyin zama da ƙanenta bayan magariba. A watan jiya na aika da saƙo ta WhatsApp mai kalma huɗu, "Kawu ya sayo tukunya", suka maido mini da muryarsa yana tayar da shi. Ya ɗan tsaya a kan "nya", ya sake gwadawa, sannan ya tambaya ko da gaske na sayo.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Birmingham.