Tagar da ta kalli titi

Aikin farko da aka damƙa mini ni kaɗai bayan na zo Legas, ginin bene ne a Agege, ba nisa da layin dogo. Wani Alhaji mai harkar shanu ne ya ba da shi: shaguna a ƙasa, azuzuwan Islamiyya huɗu da ofishin malamai a sama. Lokacin ban daɗe da gama karatun zanen gine-gine a Zariya ba, kaina cike yake da maganar ginin da ba ya cin wuta, wanda iska da hasken rana za su wadace shi ba sai an jingina da janareta ba.

Abin da na fi riƙewa daga makaranta shi ne darajar taga. An karantar da mu binciken Roger Ulrich na 1984 a wani asibiti a Amurka, inda ya duba marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar maɗaciya. Rabinsu tagarsu na kallon bishiyoyi, rabi kuma bangon bulo. Masu kallon bishiyoyi sun riga sauran samun sallama, kuma ba su buƙaci maganin ciwo mai ƙarfi kamar sauran ba. Tsarin LEED na Amurka, wanda ke tantance gine-gine masu kula da muhalli, shi ma yana ba gini maki idan kashi 75 cikin 100 na inda mutane ke zama ana iya hango waje daga cikinsa. To ni kuwa sai na saki hannu. Na faɗaɗa tagogi, na sa musu luba, wato jerin falle-fallen gilashi da ake karkatawa, don iskar da ke tasowa daga teku ta shiga ta nan ta fita ta can, na kuma juya azuzuwa biyu suka fuskanci titi, don ta wajen ne ake ganin sarari da jirgin ƙasa in zai wuce. Barandar da ɗalibai ke bi na kai ta baya, wajen tsakar gida.

Shugaban maginan, wani dattijo da ya fi shekara talatin yana aza bulo a Legas, ya duba zanen ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Yaro, a garinku ka taɓa ganin an buɗe ɗakin kwana a bakin hanya? Ai zaure ake ba wa hanya." Na ce, "Baba, wannan ginin zamani ne." Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

Mako uku da fara karatu Alhaji ya kira ni. Na je da la'asar, na tsaya a bayan aji. Malamin na biya wa yara karatu, ina ganin bakinsa na motsi, amma abin da ke shiga kunnena ham ɗin motocin haya na danfo ne, da kwandasta mai kiran Oshodi, da lasifikar mai sayar da maganin gargajiya. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Wani yaro ya tashi ya rufe lubar, amma ko gezau, sai zafi da ya ƙaru. Aka kunna fanka, ba wuta, aka tayar da janareta, wanda ni da hannuna na zana masa wuri a ƙarƙashin matakala. Ginin da na yi alfaharin ba zai ci mai ba, ga shi yana kwankwaɗar fetur da rana tsaka, kuma har yanzu na baya ba ya jin na gaba.

Daga ranar na koma na karanci sauti kamar ban taɓa shiga aji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke cikin aji ta wuce desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 35 lokacin karatu, ɗakin kwana kuma 30 da dare. Titi mai cunkoso kan kai 70 zuwa 80. Tazarar ta fi yadda lambobin ke nunawa, domin duk ƙarin desibel 10 kunne na jin sa kamar an ninka ƙarar. Taga a buɗe abin da take ragewa bai wuce 10 zuwa 15 ba. Luba kuwa ko an rufe ta, tsakanin gilashi da gilashi kafa ce, kuma sauti kamar ruwa yake, inda iska ta bi nan zai bi. Abin da ke tare shi nauyi ne da toshe kafa. Na taɓa zaton in muka dasa bishiyoyi a gaba za su taimaka. Layi ɗaya na bishiya inuwa yake bayarwa da sanyin ido, ƙara kuwa ratsa shi take yi ta wuce abinta.

Akwai kuma ƙarar da ɗakin da kansa ke haifarwa. Tayil a ƙasa, filasta a bango, silin mai santsi a sama, babu abin da ke shanye murya. Yara arba'in na karatu tare, muryar sai ta yi ta kai da komo har harafi ya hau kan harafi. A wurin da ake koyar da bambancin sin da sadi wannan ba ƙaramar illa ba ce.

Rushewa ba ta taso ba, Alhaji ma ya faɗa mini haka ba tare da ya tauna ba. Sai muka yi gyaran da aljihu zai ɗauka. Aji ɗaya na bakin titi muka mayar ofis da ma'ajiyar littattafai, ofishin baya ya koma aji. Ɗayan muka cire masa luba muka sa gilashi mai kauri wanda ba ya buɗewa, aka liƙe gefensa da roba, iska kuma muka buɗe mata hanya ta saman bangon da ke wajen tsakar gida. Janareta ya koma kusurwa mafi nisa, aka kewaye shi da bulo cike da kankare, aka bar masa mafitar hayaƙi da ba ta kallon kowa. Nisa na aiki sosai a kan janareta, don duk ninkin tazara na rage kusan desibel 6, ba kamar titi ba da yake rage kusan 3 kawai. Ƙasan azuzuwa aka shimfiɗa darduma, bangon baya aka jera kantocin littattafai. Dattijon nan shi ya aza bulon janaretan, bai ce mini kanzil ba, abin da ya fi zagi ciwo.

Wani abu da bai zo mini a rai ba sai da maƙwabciyarmu, wata Bayarabiya mai ɗinki, ta tare ni a ƙofa: mu ma masu damun wasu ne. Haddar yara da asuba tana sauka kai tsaye a tagarta. A Legas ba a wasa da wannan, hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ta kayyade desibel 55 da rana da 45 da dare a unguwannin zama, kuma ta sha rufe coci-coci da masallatai da gidajen rawa a kan ƙara. Rufe tagar titi da muka yi ya rage mata, sauran kuma malamai suka daidaita da ita a kan lokaci.

Yanzu kafin in ja layi ɗaya sai na je fili sau uku, da asuba, da la'asar, da bayan isha'i, in zauna in saurara, ranar Juma'a da Lahadi ma in leƙa. Baranda da matakala da banɗaki su nake ba wa titi. Taga kuma ina nema mata abin kallo a ciki, ko da itacen mangwaro ɗaya ne a tsakar gida.

Watan jiya na bi ta makarantar. Daga ƙofa ina jin malam sarai, ba ya ɗaga murya. Da ya fito muka gaisa, sai ya ce, "Injiniya, saura abu ɗaya. A samo mana labule rabin taga." Na ce haske ne ya yi yawa? Ya ce a'a, jirgi ne. Da ya taho sai duk aji su bar allo su koma ƙirga taragu.