Kafin ka sayi taransifoma, juya bayan kayanka

Shagona yana layin masu kayan wuta a Sabon Gari, kuma cikin abin da muke sayarwa har da ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta ko ƙara shi. Masu nemanta ko dai matafiya ne, ko waɗanda aka aiko wa kaya daga Amurka.

Matafiya yawancinsu ba sa buƙatarta, kuma nakan faɗa musu haka ko da cinikin zai wuce ni. Lokacin Hajji da Umara ake cika mana shago. Sai in ce, "Hajiya, miƙo cajar nan." In juya bayanta, in nuna mata ɗan rubutun da ke cewa 100–240V, wato ƙarfin wuta daga bolt 100 zuwa 240. Caja mai wannan lamba, ta waya ko ta laftof, tana aiki a kowace ƙasa. Balle Saudiyya da Dubai da Ingila, wutarsu bolt 220 zuwa 240 ce kamar tamu, soket ɗinsu ma mai baki uku ne. Mai zuwa Sin sari adafta kawai zai riƙe.

Inda ake kuka shi ne Amurka da Kanada masu bolt 120, da Japan mai 100. Mutum ya karɓi injin markaɗe daga ɗansa, ya sayi adaftar da ta dace da bango, ya jona, sai ƙauri da hayaƙi. Adafta bakin fulogi kaɗai take canzawa, wutar tana nan yadda take.

Idan taransifomar ta zama dole, da wat ake aunawa, wato yawan wutar da kayan ke ci. Kayan da aka rubuta wa wat 300, ba na ba shi ƙasa da mai 500. In mai moto ne, kamar firji, sai a ninka sau biyu ko uku, domin lokacin tashi ne ya fi jan wuta. Kuma ka ɗaga ta ka ji. Ta gaske ƙarfe ce da naɗin wayar tagulla, tana da nauyi. Wadda aka rubuta wa wat 2000 amma yaro zai ɗauke ta da yatsa biyu, ta kayan zafi ce kawai, in ka jona mata talabijin ta kashe shi. Wannan na daina kawo ta shago.

Abu ɗaya taransifoma ba ta gyarawa: bugun wutar Amurka 60 ne a daƙiƙa, namu 50, shi ya sa moton can yake rage gudu a nan, yana ɗaukar zafi.

Dutsen guga da butar lantarki kuwa, masu cin wat 1000 zuwa 2000, in mai tafiya Amurka ne, nakan ce, "Alhaji, bar su a gida, ka sayi na can." Taransifomar da za ta ɗauke su ta fi su tsada, kuma ita kaɗai za ta cinye maka kilo a filin jirgi.