Yadda nake gane tsirran dangin Boraginaceae

Duk tsiron da nake zaton ɗan dangin Boraginaceae ne, ganyensa nake fara shafawa kafin in dubi furensa, domin yawancinsu suna da gashi mai kaushi a ganye da kara, wanda yakan ɗan soki yatsa. Ganyayen kuma galibi ba sa fitowa daura da juna, sai ɗaya bayan ɗaya.

Alamar da na fi amincewa da ita ita ce zangarniyar furen. Tun tana ƙarama takan nannaɗe kamar wutsiyar kunama, sannan ta riƙa warwarewa a hankali yayin da furannin suke buɗewa daga gindi zuwa sama, har a ga buɗaɗɗen fure a ƙasa alhali na can ƙarshe bai ko tsage ba. Kowane fure yana da ɓangarori 5 haɗe a gindi, kuma a Borago officinalis, wani tsiro na wannan dangi wanda asalinsa yankin Bahar Rum ne, yakan fara da ruwan hoda kafin ya rikiɗe shuɗi.

Idan furen ya kaɗe, a leƙa cikin ƙoƙonsa, domin yawanci za a tarar da ƙananan 'ya'ya 4 masu tauri a ciki.