Godiya bayan kammala shekarata ta farko a jami'a

Alhamdu lillahi. Sakamakon zango na biyu ya fito, na ci dukkan darussana, babu ko ɗaya da zan sake rubutawa. Waɗanda suka raka ni da addu'a tun watan Janairu, ranar da na hau mota a tashar Circle da ke Akra da akwati ɗaya da jakar gari, sun san nauyin wannan magana, don haka ba zan maimaita labarin zazzaɓin da ya kwantar da ni ba. Na gaji ƙwarai, amma hankalina ya kwanta, kuma akwai bashin godiya a wuyana da nake so in sauke kafin hutu ya ƙare.

A unguwar Nima ta Akra na tashi, inda ba ka wuce gida uku ba tare da wani ya kira sunanka ba. Da na isa jami'ar KNUST a Kumasi, sai na tsinci kaina a ɗakin lacca da ke cike da ɗaruruwan ɗalibai, ba wanda zai lura ko na zo ko ban zo ba. Mu huɗu ne a ɗakin kwana, ni kaɗai ce Musulma, kuma Tonancin da nake ji, wato yaren mutanen Ashanti, bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne lissafin matsakaicin maki da ake kira CWA, domin maki 40 ne ci, 70 ne daraja ta ɗaya, kuma duk abin da mutum ya samu a zangon farko yana biye da shi har ranar da zai karɓi takardarsa.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Mma mahaifiyata shi ne, a cikin azumi na haɗa kayana da niyyar komawa gida. Makin jarrabawar tsakiyar zango ya fito da muni, kuɗin hannuna ya kusa ƙarewa, sai na ɗauki jakata na tsaya a Tech Junction, mahaɗar da ke bakin makaranta, ina jiran motar Akra. Ina cikin magana da Mma a waya, kuka ya ci ƙarfina, sai na ji wata murya a bayana da Hausa tana cewa, "Ɗiyata, rana ta faɗi, zo ki sha ruwa tukuna, mota ba ta ƙarewa." Wata dattijuwa ce mai sayar da koko da ƙosai. Ta zuba mini koko mai zafi, ta miƙo ƙosai uku a takarda, sannan ta jawo jakata ta tura ƙarƙashin teburinta ta ɗora ƙafa a kai. Har yau idan na rufe ido ina ganin ƙafar nan da jan lalle a kan jakata. Motoci biyu suka tsaya suka wuce, ba ta ɗaga ƙafar ba, ni kuma ban iya cewa ta ɗaga ba.

Daren nan a gidanta na Aboabo na kwana, tare da jikokinta. Ta tashe ni sahur da tuwo da miyar ayoyo, ba ta tambaye ni maki nawa na samu ba. Da gari ya waye ta saka ni a trotro, wato motar haya, ta biya kuɗin, ta ce in riƙa zama a layin gaba inda zan ji malami sosai. Hajiya mai koko, kin hana ni ambatonki, kin ce don Allah kika yi, ki yi mini afuwa domin na kasa yin shiru. Allah Ya ba ki lafiya da yawan rai, Ya rufa miki asiri duniya da lahira, Ya sa jikokinki su tarar da irin abin da kika yi mini a duk inda suka shiga.

Ina godiya ga 'yan'uwa mata na ƙungiyar ɗalibai Musulmi, GMSA, waɗanda suka riƙa ajiye mini wuri a buɗa-baki a masallacin makaranta, musamman yayata ta shekarar ƙarshe wadda ta zauna da ni dare bayan dare muna warware tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Ina godiya ga abokiyar ɗakina Kirista, wadda ta kai ni asibiti da tsakar dare ta kwana a kan benci. Yaya, na san kowane sidi da ka turo mini ta MoMo a waya daga bakinka ka cire shi. Mma, ba ni da kalmar da za ta ishe ki, Allah Ya ba ni ikon kai ki Makka, Ya jiƙan Baba, Ya sa wannan karatu ya zama haske a kabarinsa.

Muna da dangi a Asawase, tafiyar da ba ta kai ta awa ɗaya ba daga makaranta, kuma Mma ta ba su lambata tun ranar farko. Shekara ta zagayo ban ji muryar kowa ba, har lokacin da nake kwance. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, amma na yafe, Allah Ya ƙara haɗa kanmu.

Mma ta riga ta sayi turmin atamfa ta ce in kai wa Hajiya da hannuna, kuma in Allah Ya yarda Aboabo zan fara sauka kafin in shiga makaranta.