Na sayi mota sukutum saboda injinta kawai

Maman yara ce ta fara lura. Kwali biyu suka iso rana ɗaya, ta ɗaga na biyun ta duba hoton ta ce Abban yara wannan ai ba ita ce motar da ka ce za ka haɗa ba, nace eh ba ita ba ce, injin cikinta nake so. Ta ɗan kalle ni ta ajiye ta koma kicin, ko uffan.

Ga wanda bai san harkar ba, ƙananan motocin roba ne da ke zuwa gunduwa-gunduwa a kwali, kai za ka yanke ka goge ka manna ka yi fenti. Ni kuma ɓangaren da ya kama ni shi ne hot rod, wato tsofaffin Ford ɗin nan da samarin Amurka suke cire wa madigadi su sa musu inji mai ƙarfi. Uwarsu duka ita ce Ford 1932, shekarar da kamfanin ya fara fitar da injinsa mai silinda 8, wato V8, da ake kira flathead. Duk wanda ya taɓa zuwa tashlih, wato inda ake kwance matattun motoci a sayar da kayansu, a Briman nan Jidda, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya riga ya gane abin da nake yi: ka kashe mota ɗaya ka raya wata. Bambancin kawai nawa tashlih ɗin a kan teburin cin abinci yake.

Bodin da na zaɓa Ford 1932 ce ta kamfanin Revell, ma'aunin 1/25, wato ainihin motar ta ninka ta sau 25 a tsawo. Bodi kam ba magana. Amma da ka juya ƙasanta sai ka ga motar 'yan zamani ce, inji ƙaramin V8 na Ford na baya-bayan nan da giya otomatik, aksul ɗin baya kuma irin mai inci 9 wanda sai 1957 ya fito. Ni kuwa motar da ke kaina ta wajen 1950 ce, wadda yaro ya haɗa a bayan gidansu da abin da ya tsinta. A wannan shekarar ko ƙaramin V8 na Chevrolet babu, sai 1955, Hemi na Chrysler ma 1951 ya zo. To kaga da na tsayar da shekara sai rabin kwalayen da nake ta zuba wa ido a intanet suka faɗi da kansu, kuma gara haka don kuɗin aikowa zuwa Saudiyya wani lokacin ya kusa kamo kuɗin kayan.

Shi ya sa na ɗauko Ford 1940, ita ma ta Revell. Da kuɗin kwali ɗaya na samu flathead da giyarsa, da tsohon aksul mai sifirin a gicciye, da birkin ganga, da rim na ƙarfe. Kuma ba son rai na bi ba, haka masu ainihin motar suka riƙa yi, saboda Ford bai koma birkin mai ba sai 1939, don haka duk mai 1932 da ke son ta tsaya idan ya taka sai ya je ya ciro na 1940. Ni dai kwalin da zan ciri abu ɗaya tak a ciki na daina sayensa, sai in zai ba ni uku ko huɗu.

Na daina ne kuwa bayan na sha. Bara na hango wasu tayoyi masu farin gefe a wani kwali na 1/24, nace ai 24 da 25 ɗan juma ne da ɗan jummai. Ashe ba haka ba. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Ford 1932 inci 106 ne, in ka mayar da shi milimita ka raba da 25 za ka samu kusan milimita 108, in da 24 ne kuma 112. Milimita 4 a baki ba komai ba ne amma a mota mai tsawon tafin hannu ido na gani. A tayar baya ma an ci sa'a don dama ana son ta fi girma, ta gaba ce ta fito kamar yaro ya sa takalmin babansa. Galibin na Amurka, AMT da MPC da Revell, 1/25 ne, tsofaffin Monogram da na Japan irin su Tamiya 1/24, a duba gefen kwali kafin a biya.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, Bahaushen Sudan ne, ya shekara da shekaru yana makanikanci a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, Kawu muke ce masa. Ranar Juma'a bayan la'asar ya shigo shan shayi ya tarar na ɗora injin a kan shasi da farin gam, irin na 'yan makaranta, don in gwada zama kafin in sa gam na gaske. Ya sa tabarau ya ɗaga abin da yatsa biyu yana juyawa, can ya ce ɗana, ruwan ta ina zai bi? Nace Kawu wane ruwa kuma, roba ce fa. Ya ce roba ko ba roba ba, kan injin nan biyu ne kowanne da bakin tiyonsa, lagiretonka kuma baki ɗaya gare shi a sama. Wallahi gaskiyarsa. Flathead tiyo biyu yake da su a sama biyu a ƙasa, ni kuma na bar lagireton da aka yi wa wancan injin. Daren nan sai da na toshe tsohon ramin na huda sababbi da ɗan siririn abin huji, na lanƙwasa waya mai taushi ta zama tiyo. Salansar ma haka, silinda 4 ne a kowane gefe amma bututu 3 ke fita, don na tsakiya biyun hanya ɗaya suke bi, saboda haka duk wata salansa mai ƙyalli da na tara mai baki 4 ba ta da amfani a nan.

Maganar ƙyalli, kayan da ke zuwa da ruwan azurfa ɗin nan ni jiƙa su nake a Clorox su koma roba zalla sannan in fesa nawa, don gam baya kama su da kyau. Fenti kuma sai a ɗaki da mukayyif, wato AC, a kunne, damshin Jidda yana sa shi ya yi hazo. Kar kuma a bar kwali cikin mota da rana, shasi ɗaya na taɓa rasawa a haka, ya murɗe kamar ƙanzo.

Yanzu dai tana tsaye a kan ƙafa huɗu, aksul ɗin bayan sai da na ɗan rage masa faɗi kafin tayoyin su matso jikin bodi. Saura kafireto, Stromberg 97 guda biyu nake nema kuma babu su a kwalayen da nake da su. Gangar jikin 1940 ɗin tana saman kwaba ba inji ba ƙafa, jiya ƙaramin ɗana ya ce a ba shi, nace ya bari tukuna, akwai injin nan na kwalin 1932 da na cire yana zaune ba aikin komai.