Asusun tafiya Yankari

Alhamdu lillahi, mun dawo daga gandun namun daji na Yankari lafiya, ni da maigida da yara.

Tun bayan Babbar Sallah muka fara tara kuɗin tafiyar nan. Kafinta ya ƙera mana asusun katako, duk canjin da ya rage daga cefane ciki nake jefawa. Masara da wake kuwa da kaka muka sayi buhu-buhu suna araha, sai awon kullum ya yi sauƙi. Na roƙi uwar adashi ta bar mini kwasar ƙarshe don ta zo daidai da hutun makaranta na Disamba, Allah ya saka mata da alheri.

Man mota da ɗakin kwana su suka fi cin kuɗi, shi ya sa na yi dambun nama da cincin a gida muka tafi da su. Amma fa a kula, birai na fizge leda daga hannun yaro.

Ruwan Wikki, wato maɓuɓɓugar da ake wanka a cikinta a Yankari, da ɗuminsa dare da rana, garai-garai har kana hango yashin ƙasa. Da kuka aka fito da autata. Giwaye sun yi nisa cikin daji ranar, amma mun ga ɓauna, gadu kuma har bakin masauki suke kiwo.