Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Daren da Auta Bai Kira Ba

Makon jiya na tsaya a inda muka raka Auta filin jirgin Khartum, a Satumban 2015, zai tafi Ingila ƙaro karatu. Mun yi da shi yana sauka zai bugo waya. La'asar ta wuce, magariba ta wuce, shiru. Uwarsa ta ɗora gahawa a kan garwashi ta sauke har sau biyu, ba wanda ya kurɓa.

Ni kam cikina ya ɗuri ruwa. Duk wanda ya zauna a Sudan zamanin Bashir ya san nauyin kalmar "an riƙe shi". Dokar tsaron ƙasa ta 2010 ta ba jami'an amni, wato jami'an tsaro, damar tsare mutum wata huɗu da rabi ba a kai shi gaban alƙali ba. Da wannan ma'aunin nake auna komai.

Sai bayan isha'i wayar ta yi ƙara.

"Baba, lafiya lau nake. Tsayar da ni suka yi, awa biyar."

Jami'an filin jirgin Ingila sun karɓi wayarsa, sun tambaye shi masallacin da yake salla, da dalilin da Bahaushe ke riƙe da fasfo na Sudan. Ya ce sai da ya ba su labarin kakanninmu da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, zuwa Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903. Dokar ta'addanci ta Birtaniya ta 2000 ce ta ba su wannan iko a filayen jirgi da tashoshin ruwa, ko da ba su zargin mutum da komai, kuma ƙin amsa tambayarsu laifi ne.

Na ce, "To ina bambancinsu da namu?"

Bayan 'yan makonni ya dawo mini da amsa, shi da ma da naci. Wai akwai wani lauya da gwamnati ke naɗawa, amma ba ma'aikacinta ba ne. A lokacin David Anderson ne, wanda ya gaji Lord Carlile a 2011. Ana buɗe masa takardun sirri, ya duba yadda ake aiki da dokokin nan, duk shekara ya rubuta rahoto a ajiye gaban majalisa, kowa ya karanta.

Dariya na yi. Na ce wanda ka naɗa da hannunka shi zai ja maka kunne? Auta ya ce shi Anderson ɗin ya sha neman a sake duba wannan iko, kuma a 2014 majalisa ta rage tsawon tsarewar daga awa tara zuwa shida. Ban ce na gamsu ba, don ɗana dai ya sha zaman awa biyar ba laifin fari ba na baƙi. Amma daren nan na daɗe ina juyi a kan angarib, gadon igiya na Sudan, ina lissafin awa shida da wata huɗu da rabi.

Uwarsa ba ruwanta da lissafi. Tambayarta ɗaya ce: yajin da ta ƙulle masa a leda, sun mayar masa? Sun mayar, bayan sun shinshina har ɗaya ya yi atishawa.

Mako mai zuwa zan kawo labarin sanyinsa na farko a can.